Saƙon da Ya Tafi Sau Uku

Da asuba, kafin masu shara su iso, Mai Teleks ya riga ya zauna a ɗan ɗakinsa na bayan banki yana goge injinsa da tsohuwar safa. Lokacin ne layi yake sakin jiki, kuma bankunan ƙetare ba su kai ga tashi ba. Injin kamar tafireta yake, sai dai ya fi ta ƙiba da surutu. Ka buga saƙo, ya huda wata siririyar takarda mai tsawon igiya, ka kira bankin can ka zura masa ita ya haɗiye. In saƙo ya isa, injin can ya bugo sunansa, shi ke nan kuɗi sun tafi.

Da masinja ya fara a bankin, ya koyi aikin ta hanyar tsayawa a bayan mutane. Ba shi da yawan magana. Yana da mata ɗaya, 'ya'ya shida, ɗaki biyu na haya da keken da ya girmi babban ɗansa. Manajoji sun zo sun tafi, ba wanda ya taɓa kama shi da kuskure, sai ranar da surukarsa ta zo.

Surukar tasa, Inna, tana da auta a ƙetare, wai karatu yake yi, karatun da ba a ga ƙarshensa ba. Ta sayar da awakinta ta biya kuɗin a kantar banki don a tura masa, amma ta ce ba ta yarda da takardar shaida ba, sai ta ga tafiyar kuɗin da idonta. Maigadi ya so ya hana ta shiga, ta tambaye shi ko shi ya haifa mata 'yar da Mai Teleks yake aure. Ta shiga ta zauna a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, Mai Teleks ya yi aikin a sunkuye.

Ya zura takarda, inji ya haɗiye, amsa ba ta zo ba.

"Baban yara, ya tafi?"

"Ana jira, Inna."

"Abin ma shiru ya yi. Sake tura masa."

Doka ce a wannan aiki, in za ka maimaita saƙo sai ka fara buga gargaɗi a samansa cewa maimaici ne, kada a biya sau biyu. Ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Amma Inna tana numfashi a ƙeyarsa tana ba shi labarin yadda ta ƙi masu mota ta ba mai keke 'yarta, sai ya ɗauki takardar nan ya sake zurawa. Shiru. Ta ce wani mijin da tuni ya gama. Ya zura na uku. Ashe duk sun isa, amsar ce kawai ta maƙale a hanya. Bankin can ya biya auta sau uku.

Manaja ya kira Mai Teleks, ya yi dogon turanci wanda ma'anarsa gajeriya ce: rarar ta dawo kafin ƙarshen wata, ko ya ajiye makullin ɗaki.

Aka kira auta a waya, aka ce ya fita. Aka sake kira, aka ce ya ƙaura. Sai ga hotonsa ya iso gida, ya jingina da wata jar mota yana murmushi. Inna ta zaga da hoton gida gida tana cewa injin surukinta ninka kuɗi yake yi. Washegari da zai fito da kekensa ya tarar da mata a ƙofa, kowacce da ƙullin kuɗi a bakin zane, har da wadda ba ta da kowa a ƙetare, ta ce a tura wa duk wanda ya dace in dai zai dawo uku.

Ya je ya durƙusa ya yi wa Inna bayani. Ta ce rabon yaro ne ya tsaga, kuma ita ba ta ga inda ta taɓa inji ba. Ya tashi ya fito. Ya zo ya same ni, ni ne direban bankin a lokacin, ya ce yana son aron motar kaya ranar hutu.

Muka loda katifu, tukwane, buhun littattafan makaranta, yara shida da uwarsu, muka sauke a tsakar gidan Inna. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce tunda aiki zai ƙare ba zai iya biyan haya ba, ga amanarta ya kawo kafin Allah ya buɗa. Shi zai riƙa kwana a bencin maigadi.

Ɗakin Inna ɗaya ne da falo. Kwana na farko suka cinye abin da ta ajiye na mako. Na biyu ƙaramin ya yi mata fitsari a gado, 'yan biyun suka kwance rediyonta don su ga mai maganar. A na uku aka ga Inna a ofishin waya tun ba a buɗe ba. Wanda ya kasa samuwa ga banki biyu, uwarsa ta same shi a kira ɗaya, kuma waɗanda ke layi sun ce da irin ƙarfin muryarta ba ta ma buƙaci wayar ba.

"Ka sayar da motar nan yau. In ba haka ba, su shidan zan ɗauro maka a jirgi."

Kafin wata ya mutu injin ya yi ƙara da safe, kuɗi sun dawo. Manaja ya sake yin turanci, wannan karon ba wanda ya saurara.

A makon ne aka mayar da ni wani reshe, don haka ganina da Mai Teleks na ƙarshe a ƙofar gidan Inna ne, da muka je kwaso iyalin. Ita da kanta take miƙo tukwane, ta ma ƙara da tata ɗaya don kada a dawo nema. Shi kuwa yana saman mota, ya taka katifa da gwiwa, yana ɗaure ta da igiya.