Motar Kawu Haliru da Ba Ta Je Goronyo Ba

Duk wanda ya zauna Wurno a shekarun nan ya san ƙarar tafiyar Kawu Haliru tun kafin ya ga fuskarsa. Mayen ƙarfe yake ja a bayansa, wanda ya ciro daga wata tsohuwar lasifika ya ɗaure da igiya a ƙugu. Yana tafe abin yana bin sa a ƙasa kamar ɗan akuya, yana tsince ƙusa da noti da guntun waya. In ya isa inda za shi sai ya tsuguna, ya tsige abin da ya samu, ya zuba a aljihu. Ni ne telansa, kuma ɗan ƙanwarsa, saboda haka na san nauyin aljihun nan. Sau uku ina ninka masa shi da yadin katifa yana tsagewa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, wanga noti ya ci tsatsa, mi za a yi da shi?"

Ya ce, "Lawali, babu mataccen ƙarhe, sai raggon mai gyara."

Ku da kuka san shi kun ji wannan magana fiye da sau ɗari. Abin da ba ku sani ba shi ne na yi wa bawan Allah nan laifi, na riƙe shi a ciki shekara uku, ina tsoron ya mutu ban nemi gafararsa ba. Ban ɗauki alƙalami ba sai da na tabbata ya ba ni izini da bakinsa. Amma bari in fara daga motar.

Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa. Wata rana aiki ya kai shi Rabah, ya hango wata tsohuwar a-kori-kura a bayan wani gida, ta nutse cikin ƙasa har rabin taya. Ba inji, ba gilashi, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. Ya saye ta a ranar. Da shanun huɗa biyu aka jawo ta Wurno, shi yana zaune a ciki riƙe da sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu. Sai da aka iso aka ga wata kaza ta biyo su a ƙarƙashin kujera, kwance kan ƙwai shida. Washegari mai kazar ya aiko. Kawu ya mayar da kaza, ya riƙe ƙwai.

"Kaza da ƙahwarta ta shiga, ba ta cikin ciniki," in ji shi. "Ƙwai kuwa cikin motata na ishe su."

Matarsa, Inna Rabi, ta fito ta zagaya motar sau ɗaya, ta leƙa gaba inda inji ya kamata ya zauna, ta ga ƙasa.

"Malam, ina injin?"

"Shina nan tahe."

"Daga ina?"

"Daga inda ruwan sama ka tahowa."

A gindin darbejiyar da ke ƙofar shagona ya ajiye ta, don gidansa lungu ne. Shekara guda cur yana kanta. Ya toshe ramukan ƙasanta da kwanon rufi. Ya yi kujera da bencin makaranta da aka yar. Tayoyinta huɗu, babu biyu da suka fito gida ɗaya. Notin nan da muke yi masa dariya a kansu, ina kallo daga kan keken ɗinkina, ɗaya bayan ɗaya suka sami wurin zama. A nan na fara jin kunyar tambayar da na yi masa.

Inji ne ya gagara. Ya je Sakkwato ya ji kuɗin injin mota, ya dawo. Kwana biyu sai muka ga ya kwantar da babur ɗinsa, wanda yake zuwa fadama da shi, ya cire masa inji. Ya ɗaura shi a cikin motar, ya haɗa shi da giyarta da sarƙa. In ka buɗe gaban motar sai ka ga injin can tsakiya, ɗan ƙarami, kamar jariri a gadon manya.

Inna Rabi ta ce, "Jiya muna da babur mai tahiya. Yau muna da babur da ba ya tahiya da mota da ba ta tahiya. Allah ya ƙara arziki, Malam."

Amma ta tashi. Wallahi ta tashi. Sai dai ba da makulli ba. Kawu zai buɗe murfin gaba, ya tattare riga, ya shiga ciki da ƙafafunsa biyu, ya yi ta taka kik ɗin injin babur har ta kama. Daga nan ya fito, ya rufe, ya zagayo da sauri ya shiga. Don ya rage mata nauyi ya cire ƙofofi biyu. Tana ɗaukar buhun albasa uku, in hanya ta miƙe. In akwai tudu, buhu biyu da mai turi ɗaya.

Wata rana ina ciki muna dawowa daga fadama, wani dattijo a kan jaki ya cim mana. Ya yi sallama, ya gaishe mu da aiki, ya wuce. Can ya tsaya ya waiwayo.

"Malam, in sauri kake, hau in rage maka hanya."

Kawu bai ko kalle shi ba. Ya ce da ni, "Bar shi. Jakinai ba ya da lamba."

Ni ba gudunta ne ya dame ni ba, tsayawarta ce. Birkin motar nan bai taɓa gyaruwa ba. Sai ka taka sau huɗu kafin ya tuna aikinsa. Abin da Kawu ya dogara da shi wani guntun icen kirya ne da yake ajiyewa kusa da ƙafarsa, in ta ƙi tsayawa ya diro ya sa mata waigi. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya. Na yi masa magana, na sake yi masa.

Ya ce, "Wadda ba ta gudu, mi za ta yi da birki?"

Ni kuwa Allah ya yi ni da saƙe-saƙe. Ina iya kulle shago in kai gida in dawo in taɓa kwaɗon. In na yanka yadi sai na auna sau uku. To ku auna yadda na ji ranar da Malam Isa mai walda ya zo daga Goronyo. Shi ne abokin Kawu tun suna samari, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Ya duba motar sama da ƙasa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Haliru, ran da wagga ta iso ƙohwar shagona da ƙahwarta, rago zan yanka."

Kawu ya ce, "Je ka hwara ba shi dussa. Kasuwa mai zuwa ina tahe."

Babban titin Goronyo ba hanyar fadama ba ce. Manyan motocin albasa da tireloli ne ke bin sa, ba sa ganin ƙaramin abu. Kwana uku ba na cin abincin kirki. Na je wurin Inna Rabi, ta ce ita ta gaji da magana. Ana gobe kasuwa, da azahar Kawu ya shiga gida ƙailula, titi ba kowa. Na ɗauki wani ɗan ƙyalle a ƙarƙashin kekena, na yanke shi daidai, na naɗe. Na zare tiyon da ke kai mai cikin inji, na tura ƙyallen, na mayar. Na san mai zai riƙa ɗiga kaɗan kaɗan, ta tashi, amma ba za ta yi nisa ba.

Haka aka yi. Da safe ya sa farar riga, mutane suka taru, ya hau. Ta kai bakin babban titi ta yi tari ta mutu. Ni ne na fara isa wurin, don a guje na bi shi. Na tarar ya rufe murfin gaba yana goge hannu.

"Ta ƙi, Lawali. Tura mu koma."

Na tura har gida, ina zufa ina istigfari. Kwana biyu ya ce ya gyara, ta koma zuwa fadama lafiya lau. Bayan wata huɗu Malam Isa ya aiko a tambaya ko ragon ya ci gaba da cin dussa, Kawu ya sake sa rana. Na sake yanka ƙyalle. Cikin shekara uku sau bakwai aka yi haka. Sau bakwai tana mutuwa a wuri ɗaya, sau bakwai ina turowa, yara suna bin mu suna waƙa. Mutanen gari suka ce motar Haliru ta san iyakarta. Shi kuwa in an tsokane shi sai ya yi shiru, abin da ba halinsa ba.

Shirun nan ne ya fi ci na. Na ce a raina, mutumin nan bai da gona mai yawa, bai da ɗa namiji, abin da yake taƙama da shi hannunsa ne. Ni kuma na sa gari yana cewa hannun ya gaza. Na tsare masa rai, na zubar masa da girma, ban san wanne ya fi nauyi a wurin Allah ba. Sau da yawa nakan tashi in nufi gidansa da niyyar faɗa, in na isa sai in tambaye shi ko aljihu ya sake tsagewa.

Da damina ta bara ya kwanta. Ciwon ƙirji ne, aka kai shi asibiti aka dawo da shi. Kwana uku ina zuwa in zauna bakin tabarmarsa, in yi masa sannu, in tashi. A rana ta huɗu da hantsi na ga numfashinsa ya canza, na san in na fita da maganar nan ba lalle in sake samun mai jin ta ba.

Na ce, "Kawu, ina da laihi gare ka."

"Wane?"

"Motarka. Ba ita ta ƙi zuwa Goronyo ba. Ni na..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce da Inna Rabi ta miƙo masa gwangwanin madara da ke bisa taga. Ya buɗe da kyar, ya juye a kan bargo. Ƙyallaye bakwai, duk sun yi baƙi da mai. Ya shiga jera su da yatsa.

"Wanga shaddar liman ta. Wanga zanen Rabi na Salla. Wanga rigata ta, wadda ka ce yadin bai rage ba." Ya dube ni. "Tela, ko ɓarna za ka yi sai ka yanke ta da almakashi, kusurwa huɗu daidai? Wa ka yin haka duk Wurno in ba kai ba?"

Na kasa ɗaga kai. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ran hwarko. Tana mutuwa na zare tiyo na gan shi. Na ce yau sai na karya ma yaron ga keke. Na cire shi, na ɗora ƙahwa bisa kik. Sai wata tirela ta wuce." Ya tsaya ya huta. "Iskarta kaɗai sai da ta girgiza motar, hulata ta hwaɗi. Na dubi titi, na dubi icen waigina. Sai na maida maka ƙyallenka inda na ishe shi, na ruhe."

Inna Rabi ta saki baki. "Malam, kai da kanka?"

"Gara a ce mota ta ƙi da a ce Haliru ya ji tsoro. Duk ran da na sa rana, sai in shiga ƙailula da wuri, in ba shi hili. Sau guda ya makara, har na yi tunanin in sa da kaina."

Dariya ta kama shi, ta koma tari, muka tallafe shi. Da ya lafa sai ya kama hannuna.

"Na yahe maka. Kai ma ka yahe mani. Ina ganin kana ramewa, na san abin da ka cin ka, na ƙyale ka don in tsare girmana. Nawa laihin ya hi naka."

Na ce na yafe. Na tambaye shi ko in bar maganar a cikina.

"Bari sai na tahi. Sannan ka hwaɗa ma kowa, har Isa. Matacce ba ya jin kunya."

Ya rasu bayan kwana biyu. Ranar addu'ar uku Malam Isa ya iso daga Goronyo a bayan babur, rungume da rago, ƙato, ya sha dussar shekara uku. Na ja shi gefe na faɗa masa komai. Na zaci zai yi dariya. Ya daɗe yana kallon motar a gindin darbejiya, sannan ya ce, "Ni na ga birkin nan tun ran hwarko. Duk ran kasuwa ina zaune ƙohwar shago ina roƙon Allah kada in hango shi. Bakina ya jawo, na kuma kasa janye magana." Ya miƙa mini igiyar ragon. "Tun da ita ba ta zo ba, shi ya zo. A yi mashi sadaka."

Ƙyallayen suna wurina. Na bi masu yadin ɗaya bayan ɗaya na nemi su yafe, don ba nawa ba ne na ɗauka. Liman ya dubi ɗan abin da bai kai yatsa ba, ya dube ni, ya ce in je Allah ya ba ni lafiya.

Motar tana nan inda ya bar ta, kaji sun koma ciki. Mayen ƙarfen na rataye shi a shago, nakan tsince allura da shi in ta faɗi.

Allah, bawanka Haliru bai taɓa ganin abu a yashe ya ce ya gama amfani ba. Ya rufa mini asiri alhali yana da ikon tonawa. Ka rufa masa nasa, ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini, ka isar da shi gidan rahama lafiya. Amin.