Ruwan da na ƙara wa surukina

A shekarun farko na Shari'a na dawo Bagudo da takardar likita, na tarar kowa ya zama malami a kan wanda ya halatta mace ta taɓa. Ban damu ba, don wanda ciwo ya kama da gaske ba ya neman fatawa. Mutum ɗaya ne ya so ya gagare ni: surukina, tsohon masunci daga wajen Kaoje.

Tun da na auri ɗansa ban taɓa kallon fuskarsa ba, shi ma bai taɓa yi mini magana baki da baki ba. In ya shigo gidanmu sai in durƙusa daga nesa in gaida ƙasa, shi kuma ya amsa wa bango. Haka al'ada take, kuma dukanmu mun ƙware a kanta.

Wata damina ambaliya ta zo, amai da gudawa suka kayar da shi. Aka kawo shi asibiti idanu sun faɗa, fata in an ja ba ta komawa. Abokin aikina namiji ya tafi taro Birnin Kebbi, saura ni. Na san in ba a ƙara masa ruwa a yinin nan ba, gawa za a mayar Kaoje.

Da aka gaya masa, sai tsoho ya samu ƙarfin gardama. Wai shi da ya tsufa cikin gulbi, wane ruwa ne za a ƙara masa a leda? Da ya ji wadda za ta sa allurar kuwa, ya ce a ɗora shi a babur a ƙetara da shi Benin wurin lokotoro, kamar yadda mutanen can ke kiran likita. Hanyar ma duk ruwa ya cinye ta. Raina ya ɓaci matuƙa. Shekara da shekaru ina karatu, ga kunya za ta kashe mini mutum ina kallo.

Na sa aka ɗaura zane tsakanina da gadon, da ƙyar tsoho ya miƙo hannu ta ƙarƙashi. Mijina, malamin firamare wanda jinin kaza ma ke sa shi jiri, ya tsaya a tsakiya ya zama tafinta, daga Hausa zuwa Hausa. In na ce a dunƙule hannu, sai ya ce wai a dunƙule hannu. In tsoho ya ce da zahi, sai ya juyo ya shaida mini wai da zafi, sai ka ce kurma yake aure.

Jijiya ta ɓuya. Na soka ban samu ba, na sake sokawa haka. Tsoro ya kama ni. Mijina ya ce ko in ba shi ya gwada, tunda shi ɗa ne, babu kunya tsakaninsu. Sai hannun nan mai tabon ƙugiya ya damƙe nawa, murya ta fito daga bayan zane a hankali.

"Ɗiyata, sake soka. Kak ki bar ni ga hannun yaron ga, ko kihi bai iya gyarawa ba."

Na ja numfashi na soka, allura ta shiga, ruwa ya fara ɗiga. Mijina da aikin tafinta ya riga ya shiga jikinsa ya juyo gare ni ya ce, "Baba ya ce..."

Na ce masa ya huta, wannan kam na ji da kunnena.