Babban Kifin Mai Ciki

Shekara shida na yi ina tafinta a wani ƙaramin asibiti a Bronx, kuma ba abin da bakin nan nawa bai faɗa ba. Na sa alhazai sun rage gishiri, na hana mata rambaɗa wa jarirai kwalli. Amma da magana ta zo kan kifin Baba, sai bakin ya mutu murus.

Baba uban mijin 'yar ƙanwata ne, kowa haka yake kiransa, har ni da furfurata. Masunci ne daga Gaya ta Nijar. Ɗansa ya ɗauko shi ya ajiye a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Concourse Village, ba aikin fari ba na baƙi sai kallon motoci ta taga. Tsohon ya dinga ramewa, har ranar da ƙafarsa ta kai shi kogin Harlem. Daga nan duk Lahadi sai ƙugiya da bokiti. Da ya ji surukarsa ta samu ciki kuwa, ya kafa doka irin ta garinsu: mafi girman abin da aka kama na mai ciki ne. Da hannunsa yake gyarawa, ya yi farfesu, ya zauna yana murmushi tana sha.

Ranar awo nas ta tambayi 'yar ƙanwar tawa abin da take ci, ni ina fassarawa. Da ta ji sunan kogin sai ta ajiye biro. Ta ce a ƙasan ruwan akwai dattin masana'antu na tun da, yana taruwa a jikin kifi, kuma babba ya fi tarawa don shi ke cin ƙanana. Tsoho zai iya taɓawa jefi-jefi, amma mai ciki sam, domin ɗan cikin yake samu. Ta ba mu takarda da hoton kifi an ja masa jan layi.

Muna fita yarinyar ta sa kuka. "Anti, ni zan dubi idon Baba in ce abincinsa guba ne? Wallahi gara in ci."

Na ce, "Ba za ki ci ba. Ki bar ni da shi."

Cika baki ne kawai. Abin da na iya shi ne na je gaisuwa na lallaɓa na ajiye takardar a kan tebur, na gudu. Washegari yarinyar ta kira ni tana dariya da hawaye: Baba ya naɗe hanjin kifi da takardar.

Lahadi na ɗaura ɗamara na bi shi bakin kogi. Ya ji daɗi sosai, har ya kife mini bokiti na zauna. Ina kallo ya jawo wani ƙato, tsawon hannuna.

Na ce, "Baba, a Gaya ko'ina kuke jefa ƙugiya?"

Ya ce, "A'a, Hajiya. Ƙasan majema ba a su. Kihin wurin ga ƙiba ga sheƙi, amma ruwan jima ya sha. Masuncin kirki ba shi kai shi gida nai."

Na nuna masa tsofaffin gine-ginen masana'antu da ke tsallaken ruwa. Sannan na faɗa masa abin da nas ta ce, tiryan-tiryan. Ya daɗe yana kallon kifin da ke hannunsa.

"Wata uku ina ba ta," ya ce a hankali.

"Sun duba ta, lafiyarta lau. Cewa suka yi a daina daga yanzu."

Ya cire ƙugiyar, ya mayar da ƙaton nan ruwa. Tausayinsa ya kama ni, na hango shi ya koma jikin taga. Sai na ce ai nas ta ce lallai ta ci gaba da cin kifi, ƙanana na teku irin na kasuwa, mu kuwa ba mu iya zaɓe ba, kullum cutarmu ake yi.

Ya dube ni sheƙeƙe. "Na san haka tun ranar da na ci miyarki."

To, tunda Baba ya karɓi aikin sayo kifi, masu kifin kasuwar Canal Street sun ga ta kansu. Baba ba Turanci, su ba Hausa, amma sai ya ɗaga kunnen kowane kifi ya leƙa, ya danna ciki, ya shinshina, ya tura goma gefe ya ɗauki biyu. Matan unguwa suka fara ba shi saƙo. Kogi kuwa bai fasa zuwa ba, ya kama ya saki.

Aka haifi mace, ɓulɓul da ita, kuka kamar za ta tsaga silin. Ranar suna gida ya cika, ina tsakiyar mata ina zuba, sai ga Baba da wani abu a naɗe a jarida, wutsiya ta leƙo. Ya dire shi a gabana, jikarsa na saɓe a kafaɗarsa.

"Hajiya, ke kika ce tsoho na iya taɓawa. Ga babban, naki ne."

Mata suka kwashe da dariya har da tafi. Ni da nake ce musu shekarata arba'in da biyar, na sa hannu biyu na karɓa.