Motar da Baba Ya Jawo Daga Bompai

Mahaifina bakanike ne. Garejinsa yana Sharada, a bayan wani kamfanin roba, tun kafin a haife ni. Ni ma a Sharada nake aiki, a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin taliya, don haka ko da na yi aure na koma Hotoro, ban daina biyawa in gaishe shi ba idan an tashi aiki.

Wata rana da yamma na biya, na tarar da wata gawar mota a tsakiyar garejin, an ɗora ta a kan duwatsu. Ban taɓa ganin irinta ba. Kanta dogo ne ƙwarai, ya kusa cinye rabin tsawonta, bayanta kuma gajere, ya zube ƙasa kamar an sare shi. Ƙofa biyu ce kawai gare ta, ga faɗi kamar ƙaramin kwale-kwale. Babu taya, babu gilashin baya, tsatsa ta cinye fentin. Da na leƙa ciki na ga 'ya'yan darbejiya da gashin kaji, alamar wata kaza ta taɓa yin kwanci a kujerar direba.

Baba yana zagaya ta yana shafawa, ko gaisuwata bai amsa sosai ba. Ya ce wani abokinsa ɗan gwangwan ne ya samu aikin kwashe ƙarafa a wata tsohuwar masaƙa da ta rufe a Bompai, za a mayar da wurin sito. A can motar take, har an kawo wutar yanka ta, mutumin ya tuna da Baba ya kira shi. Baba ya ce motar Amurka ce, irin waɗanda suka ƙera a wani zamani don ƙarfi da gudu kawai, ana ɗaukar ƙaton inji mai silinda takwas a cusa a mota mai ƙofa biyu. Sau ɗaya ya taɓa ganinta a raye, lokacin yana koyon aiki. An aike shi Bompai, ta wuce shi a titi, ya ji ƙararta har cikin haƙarƙarinsa.

Na ce, "Baba, ku buɗe mana mu ga injin."

Ya ɗaga bonet ɗin. Babu komai a ciki sai yanar gizo da wasu wayoyi da ke lilo. Ta ramin ina hango ƙasar garejin.

Shi Baba tunaninsa yana kan inda zai samo injin da zai cike wannan ramin. Ni kuwa abin da ya hana ni sukuni daban ne. A garin da ake auna mota da yawan mutanen da take ɗauka, wa ya zauna ya zaɓi wannan, ya ɗauko ta daga wata duniya? Na duba a waya na ga hotunan 'yan'uwanta suna walƙiya, na karanta cewa zamaninsu bai yi tsawo ba, tsadar mai ce ta kashe kasuwarsu, yanzu kuma masu sha'awa ke nemansu suna gyarawa. Amma wayar ba ta san komai ba game da wadda kaza ta yi kwanci a cikinta.

Ranar wata Asabar na tafi masaƙar. Maigadin, wani dattijo daga Jigawa, ya ce shi ya zo ya tarar da ita ne a gindin bishiya, kuma ya ɗauka tare aka shuka su. Amma ya san tsohon direban kamfanin yana nan da rai. Da ya kwatanta mini gidan sai na yi dariya, domin layinmu ne a Hotoro. Tsohon nan ne mai farin gemu da ke zama a dakalin ƙofar gidansa, kullum ina gaishe shi in wuce, ban taɓa tambayar kaina abin da ya yi a rayuwarsa ba.

Na same shi bayan la'asar na nuna masa hoton. Ya kai wayar dab da idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai Gurnani ce. A ina kika same ta, 'yata?"

Mutumin Damagaram ne, ya zo Kano yana saurayi neman aiki. Ya ce ɗan mai masaƙar ne ya kawo motar, ɗan asalin Labanan amma haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin gari. Ya je karatu Amurka, ya dawo, motar ta biyo shi ta jirgin ruwa. A lokacin hannun hagu ake bi a titi, ita kuma sitiyarinta yana hagu, don haka mai tuƙa ta ba ya ganin abin da ke tahowa idan zai wuce wata motar. Aka ɗauko tsohon nan, lokacin yana ɗan share-share a ofis, aka zaunar da shi a kujerar dama.

Ya ce, "Aikina na farko a motar nan ido ne. In ce tafi, ko in ce dakata. Ran nan gwamnati ta ce kowa ya koma hannun dama, gari duka ya dawo hannunta, ni kuma aikina ya ƙare. Shi ne ya koya mini tuƙi don kada ya sallame ni."

Ma'aikata ne suka sa mata wannan suna. Ya ce masu aikin safe suna jinta tun daga nesa, kafin ta iso kowa ya gyara tsayuwa a gaban injinsa. Ya ba ni labarin ranar da naƙuda ta kama matar wani ma'aikaci wadda ke sayar da abinci a bakin get, babu wata mota a kusa sai ita. Shigar da matar ta ƙofa biyun nan ya fi tafiyar wahala, amma sun isa asibiti, an haifi mace. Daga baya ɗan mai masaƙar ya yi aure ya koma ƙasar kakanninsa, ya bar motar. Uban ba ya sonta, kayan gyaranta suka yi wuya, giyarta ta fara gardama, aka tura ta gindin bishiya da niyyar za a duba.

Na tambaye shi injin fa. Ya ce da wutar lantarki ta fara wasa, injiniyan masaƙar ya cire shi don ya haɗa janareta, abin bai yi ba. Sai wani shugaban leburori da zai yi ritaya ya roƙa aka ba shi, ya tafi da shi ƙauyensu a bayan Challawa, wai zai riƙa jawo ruwan kogi don noman rani. Daga nan kuma bai sake jin labari ba.

Da na kai wa Baba wannan labari, har ya fara cinikin wani injin Japan. Ya ajiye sifana ya wanke hannu, ya ce mu ɗauko tsohon. Muka tafi mu uku a motata. Muka ratsa kamfanonin fata na Challawa da warinsu wanda ba ya barin hanci da wuri, muna wuce ma'aikatan da suka tashi aiki, wasu a keke wasu a ƙafa, har kwalta ta ƙare. Tsohon yana nuna mana wurare yana cewa nan gonar dawa ce a da, can kuma fadama. Ni dai na sa a raina cewa tuni an narkar da injin an yi tukwane da shi.

Mutumin da muke nema ya rasu. Ɗansa muka samu, magidanci mai furfura, yana dawowa daga gonar tumatir. Baba ya yi masa bayani bayan doguwar gaisuwa. Sai mutumin ya kai mu wani ɗakin ajiya a bayan gida, ya janye buhunan da aka lulluɓa. Ga shi nan a kan katako, baƙi ƙirin, da bakinsa takwas.

Ya ce mahaifinsa ya yi 'yan shekaru yana ban ruwa da shi, ruwan yana fita da ƙarfin da har yake tone kunya, amma man da yake sha ya fi abin da gonar ke bayarwa, sai ya haƙura. Duk da haka bai yarda ya sayar ba. Lokaci-lokaci yakan tsiyaya masa baƙin mai, ya sa ƙarfe ya juya shi. Bayan rasuwarsa shi ma ya ci gaba da yin haka, ba don yana da wata niyya a kansa ba, ya dai taso ya ga ana yi ne. Baba ya karɓi ƙarfen ya gwada. Injin ya juya a hankali, yana huci ta ramukan fulogi. 

Manomin bai ja zance ba. Ya nemi Baba ya duba masa ƙaramin injin ban ruwansa da ke ba shi wahala, sannan ya ƙara da abu ɗaya: "Idan ta tashi ku kawo mini ita in gani. Tun ina yaro ake cewa na mota ne, ban taɓa iya kwatanta motar a raina ba."

Aikin ya ci fiye da shekara, domin Baba sai ya gama da motocin mutane yake juyowa kanta. Ya wargaza injin gaba ɗaya ya jera sassan a kan tabarma. Wasu kayan ya samo a Kofar Ruwa bayan ya tone shagunan da masu su kansu sun manta abin da ke ciki. Wasu kuwa babu su ko'ina, sai wani mai sassaƙar ƙarfe a Sharada ya ƙera su da kallon tsofaffin. Lagireton wata babbar mota aka yanka aka daidaita. Ni aka bar wa neman abin da sai an aiko daga waje, kuma a haka na koyi bambancin kafireta da famfon mai, abin da shekarun da na yi ina shiga garejin ba su koya mini ba. Kujerun kuwa, Baba ya ƙi roba. Ya sayo jar fatar akuya a Challawa ya kai wa wani baduku, wanda ya ce shi jaka da takalmi ya sani, amma zai gwada.

Tsohon direban ya mayar da garejin wurin hirarsa, ni nake sauke shi da safe idan zan wuce aiki. A kan fenti suka yi saɓani. Baba ya rantse ja ce ta wuce shi a Bompai, tsohon ya ce shi da ya yi shekaru yana wanke ta, koriya ce. Mai fentin ya gaji da musun, ya kankare wani lungu a cikin ƙofa inda rana ba ta taɓa shiga ba. Aka ga ja a sama, kore a ƙarƙashinsa, can ƙasa kuma ruwan goro, wanda babu wanda ya san da shi a cikinsu. Ko dai ɗan mai masaƙar ya saye ta ne a hannun wani, ko ya sake mata launi kafin ya ɗoro ta a jirgi. Har yau ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Baba ya ce a mayar mata da ruwan goron.

Ranar da aka tashe ta ina wurin. Ta yi tari, ta mutu, ta sake yin tari, sannan ta kama. Ba irin ƙarar da na zata ba ce. Ba ta da kaifi, daga ƙasa take fitowa, ana jinta a tafin ƙafa. Tantabarun da ke kan rufi suka watse, ma'aikatan kamfanin roba suka jera kawuna a kan katanga. Tsohon ya dafa jikinta yana murmushi, ya ce muryar ta ɗan tsufa, amma ita ce.

Da aka gama mata takardu muka kai ta ƙauyen. Baba ya miƙa wa tsohon makulli, tsohon ya ce idonsa ba zai iya ba, sai ya zauna a kujerar dama. Manomin ya zagaya ta sau da yawa, ya shiga ya zauna, ya fito ya sa aka buɗe bonet. Ya ce abin mamaki, injin ya fi girma a ɗakin ajiya. Ya cika mana but da tumatir da albasa.

A hanyar dawowa Baba ya tsaya ya ce in karɓa. Sitiyarin yana da nauyi, kan motar kuma ya yi nisa har ban san inda ya ƙare ba. Na ɗan taɓa totur kawai, bayana ya manne da kujera. Baba da ke matse a baya ya ce in yi a hankali, amma na ji dariya a muryarsa.

Yanzu tana ƙarƙashin rumfa a garejin. Masu son saye sun zo, angwaye ma suna zuwa neman aro, Baba yakan ba su shayi ya sallame su. Ba a fita da ita sosai saboda shan mai, amma wani lokaci yakan bar ni in zaga da ita. Kwanakin baya wani jami'in hanya ya tsayar da ni a shataletalen Sharada. Na fara laluben takardu, ya ce in bar su.

"Hajiya, don Allah ki ɗan taka mana mu ji."

Na cire giya na taka. Ya rufe ido yana gyaɗa kai, ya kira abokin aikinsa daga ɗaya gefen titin ya ce in sake. A madubi ina hango jerin 'yan adaidaita sahu a bayana suna ta danna ham, amma ni ba na jin ko ɗaya.