Maharazu da Hayaƙin Shamsiyya

Tun yana yaro a Dukawuya Maharazu yake buga gwangwani, daga mazurari zuwa murhun gawayi. Da mutanen birni suka fara rufe madafi da kwano, sai ya koma ƙera musu bututun hayaƙi mai faffaɗan baki, da fanka a wuyansa. Gajere ne, ga ƙeya, ga rowar magana. Na taɓa tambayar matarsa ko a gida yana hira, ta ce ita ma labari take ji.

Bututunsa bai taɓa ba shi kunya ba sai a gidan maƙwabciyata Shamsiyya, mai waina a Soron Ɗinki. Wata biyu ana lafiya, sannan hayaƙi ya fara dawowa, yana tsiyaya ta ƙarƙashin kwano zuwa ɗakin surukinta Alhaji Shehu, mai ciwon fuka. Ran Talata sai da aka kwashi tsohon zuwa asibiti. Da ya dawo ya ce in Juma'a ta riski hayaƙin nan, a kife tanda. Da tandar kuwa Shamsiyya take ciyar da marayu huɗu.

Alhamis da hantsi ina gidan, Maharazu ya yi sallama, muka ja mayafi. Ya hau kwano ya leƙa bututu, babu sheƙar tsuntsu. Ya kwance fanka ya kankare maiƙo, ya mayar, tana juyi kamar sabuwa. Aka hura wuta, aka ja ƙofa, don kullum a rufe take saboda tana kallon ɗakin tsohon. Hayaƙi ya tashi, ya gaisa da bakin bututu, ya dawo kanmu. Can muka jiyo tarin Alhaji. Ludayi ya faɗi daga hannun Shamsiyya.

Na ce, "Malam Maharazu, bututu ka ƙera mata ko hular kwalliya?"

Bai kula ni ba. Ya kunna turaren tsinke, yana bin bango da shi a hankali, yana kallon inda hayaƙin zai karkata. Ko'ina a miƙe yake. Sai ya tsaya gaban wani sabon yaɓe.

"Nan taga ce?"

Shamsiyya ta ce, "Da can. Maƙwabta suka yi bene, Baba ya sa aka toshe don kada a riƙa hango mu."

Maharazu ya ce, "Sai iska ta shigo wata take fita."

Ashe Alhaji ya dogaro sanda har bakin ƙofa. Yana haki ya ce, "Tagar nan ba za ta buɗu ba. Gara a bar wainar."

Shamsiyya ta kafe tanda da ido. Maharazu ya tsuguna, ya daɗe yana shafa gindin bangon da ke bayan lungu, sannan ya ɗaga kai.

"Baba, in na fasa nan ƙasa fa? Bulo biyu, in sa raga saboda ɓera."

"Ba a leƙowa?"

Na ce, "Alhaji, wanda zai leƙo ta nan sai ya kwanta rub da ciki a kwata. In ya yi haka ai ya cancanci a ba shi waina."

Tsohon ya harare ni, amma bai ce a'a ba. Guduma ta yi aiki. Bulo na biyu na faɗuwa muka ji sanyi a ƙafafunmu, hayaƙi ya miƙe ya shige bututu.

Juma'a da safe Alhaji ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana shinshina iska, Shamsiyya na zuba ƙullu. Can ya ce a kawo masa uku, a cika miya.