Ƙafafun Salome

Salome Maesua daga tsibirin Malaita aka kawo ta birnin Honiara tana amarya, kuma a unguwar 'yan Malaita da ke bakin wani rafi ta tsufa tana gasa kifi da rogo. Tsallaken rafin 'yan Guale ne, masu ƙasar. Tun rikicin ƙabilanci da aka yi a baya ba a ga-maciji tsakanin unguwannin biyu, ko gaisuwar mutuwa babu.

Ɓarayi kuwa kakarsu ta yanke saƙa. A yi sata nan a tsallaka can, kowace unguwa ta ɓoye nata don kada a ji kunya gaban abokan gaba. Abin takaici, ɓarayin ɓangarorin biyu tare suke shan barasarsu a gindin gada. Su kaɗai suka riƙe zumunci.

Ɗa ɗaya Salome ke da shi, Festus, kafinta, kuma duk burinta ya tsufa da hannayensa biyu. Makaminta al'adar gida ce: mace ta zauna a hanya ta miƙe ƙafafu ta rantse, babu namijin Malaita da zai tsallake ta. Ta sha kashe faɗa da haka.

Wata safiya aka sace aladen wani dattijon tsallake mai suna Tova. Kafin rana ta take, samarinsa sun haye rafi da adduna. Na wannan gefen ma suka fito, Festus a gaba.

Salome ta bar kifi a wuta, ta zube a tsakiyar hanya.

"Duk wanda ya wuce, ƙafafuna ya tsallake! Festus, da kai nake. Ajiye addar nan!"

"Mama, ki tashi, ba sa jin wannan!"

"Ni na haife ka ko su? Ajiye!"

Ya ajiye. Sauran ma suka ja da baya suna gunaguni.

Samarin tsallake ba su taso da wannan rantsuwa ba. Ɗayansu har dariya ya yi. "Tsohuwa, ciwon gwiwa ne ya kayar da ke?" Ya kewaye ta kawai, ya kai wa Festus sara. Festus ya ɗaga hannu ya kare kansa, addar ta sauka a wuyan hannunsa na dama.

Wanda ya saci aladen, kowa a unguwar ya san shi, har gidajen da aka kai wa naman. Babu wanda ya buɗe baki. Wai ba a ba da ɗan gida! Festus da bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, shi ba ɗan gida ba ne?

Da aka sallamo shi daga asibiti da hannu ɗaya, Salome ta zauna tana cire masa ƙayar kifi. Ya daɗe yana kallonta.

"Mama, na ji maganarki fa," ya ce.

Ta kai masa loma baki.