Rufin da Baba ke takawa ba takalmi

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ummaru Magini. Duk bazara, idan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, shi nake tunawa, da soron da ya bar mana amana.

Soron yana ƙauyenmu, tsakanin Isa da Turba. Kakan kakanmu ne ya gina wa wani madugu shi tun Turawa ba su iso ba, kuma tun lokacin gidanmu ke kula da shi. Tubali ne da laka. Kaurin bangonsa ya fi kamu biyu, rufin kuma ɗaurin guga ne, azarar giginya ta tanƙwaro daga kusurwa huɗu ta haɗu a tsakiya. Ko rana ta take, in ka shiga sai ka ji sanyi kamar bakin randa.

Kowace shekara kafin ruwan fari Baba zai tuɓe takalmi ya hau rufin, ya bi shi taku taku. Inda ƙasa ta yi laushi ya tsaya ya sa alama. Daga nan a share indararo, a kwaɓa laka da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, a yi yaɓe. Na taɓa hawa da takalmi, ya juyo ya ce, “Sahabi, hidda su. Ido bai ganin ciwon soro, ƙahwa ka jin shi.”

Yana da rai wasu jami’ai suka zo daga Sakkwato, suka auna, suka ɗauki hoto, suka kafa allo cewa ginin tarihi ne, kada a sauya masa komai sai da izini. Ɗayansu ya nuna wa Baba hoton wani gidan gona a Ingila, mai jan bulo da dogayen tagogi, wai tsaran soronmu ne, kuma har yau ba a bar bulo ɗaya ya faɗi ba. Baba ya daɗe yana kallo. Abin da kawai ya tambaya shi ne wa ke hawan rufin.

Bayan rasuwarsa na yi yaɓe shekara biyu, na gaji. Na rubuta takardar neman izinin shafa siminti. Ba a amsa ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin yarda. A zuciyata gata nake yi wa ginin. Ranar da aka gama, Baba Ɗantani, abokin aikin mahaifina, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa ya ce, “Ɗana, ka toshe mai hanci. Ruwa za shi shiga, kuma ba shi da ƙohwar hita.”

Haka aka yi. Simintin ya tsage, laka ta riƙa jiƙa a ɓoye. Kafin in gane girman ɓarnar, ’yan bindiga sun tashe mu, muka dawo Isa. Dajin da ake saro giginya yanzu ba mai shigarsa. Baba Ɗantani ma ya rasu bara.

Watan jiya na hau babur na je ƙauyen. Allon yana nan, ya yi tsatsa. A ciki azara biyu sun sunkuyo, ƙasa na zubowa ta tsakaninsu. Gyaran sai an ɓamɓare simintin duka, aikin mako uku ne da mutum goma. Na tambayi mutanenmu, ba wanda ya yarda ya kwana biyu a can, kuma ban ga laifin kowa ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da Baba zai ce. Na san ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai duba bangon, ya dube ni, ya nemi tsani.

Kafin in juyo na tuɓe takalmi na hau rufin. Na bi shi kusurwa zuwa kusurwa yadda Baba yake yi. Zafin siminti kawai na ji. Abin da ya sani yana ƙafarsa, da ita aka binne shi, ni kuma na rufe ɗan abin da ya saura da siminti. Ba na jin soron zai ga kaka.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mini.